Ranar da Injin Nakhle Ya Makance

Shekara arba'in da biyu ina kallon ƙeyar Mu'allim Krikor ta tagar kicin ɗina. Shagon gyaransa na tsallaken lungunmu a Burj Hammud, kullum ya ba wa titi baya, ya dulmiya hanci cikin hanjin wani inji. Hancin kuwa, Allah Ya yi baiwa a wurin. Na sha gaya masa da haraji ake biyan hanci, da tuni gwamnati ta gyara mana wuta.

Ubansa ɗinkin takalma yake yi, kamar rabin Armeniyawan unguwar. Krikor ya ce shi warin fata hawa masa kai yake, ya kama gyaran rediyo. Lokacin yaƙin basasa duk lungun nan da hannunsa muke jin labarin inda aka buɗe hanya da inda aka rufe. Rediyo ta tsufa ya koma talabijin, daga nan bidiyo. Da waɗannan ma suka zama abin yarwa, sai ya koma tsofaffin injinan caca, irin waɗanda manyan gidajen caca ke sayarwa in sun gaji, masu shagon gahawa su saya. Bai taɓa jefa ko kwabo a ciki ba. In aka tambaye shi sai ya ce, "Wanda ya ga cikin tukunya ba ya yi mata kirari."

Matarsa Araksi ta rasu ya ƙi sake aure. Zawarawa bakwai na kawo masa, har da mai gidan burodi. Ya ce, "Ummu Tanios, bakinki kaɗai ya ishe ni daga tsallaken titi, ina zan kai na cikin ɗaki?"

To, ga dalilin da ya sa na zauna rubutu, ni da na tsaya a aji huɗu.

Mijina Nakhle shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a wani gidan caca a bakin teku. Ba caca yake ba, shi ne mai kula da layin injina, makullai a hannunsa. Bayan ya bar aiki, sai kansa ya fara zuba kamar tsohon bokiti. Kullum da safe ya ɗaura nakatayal a wuya ya fita neman motar zuwa aiki. Sau biyu yana ɓacewa, na biyun a bakin gada aka tsinto shi. Ɗanmu Tanios, kafin ya koma Kanada, ya sayi tsohon inji a hannun Krikor. Krikor ya cire masa wurin karɓar kuɗi, ya ba mu kwano cike da kwabban ƙarfe da ba sa sayen ko ashana. Aka kafa shi a falo. Tun daga nan Nakhle ya daina fita. Ya yi wanka, ya ɗaura nakatayal, ya rataya makullin injin a wuya, ya goge shi, ya danna nan ya danna can, ya tsaya gefe hannu a baya. Aiki ya zo gida.

Wata Talata cikin Satumba ya kunna. Kiɗa ya tashi, maɓallai suka kama, amma gilashin baƙi ƙirin. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya kwance nakatayal ya ninke, ya ce, "Warde, sun rufe mini layi. Sun kore ni."

Ya kwanta ya juya wa bango fuska. Gurasa mai barbaɗen yajin za'atar, ya ƙi. Miyar waken adas, ya ƙi. Maganin hawan jininsa ma ya damƙe baki. Ya ce korarre ba ya cin abincin gida. Krikor kuwa ya tafi garin Anjar bikin mutanensu na dafa harisa, wato faten alkama da nama, wayarsa kuma tana cikin aljihun tebur a shago, ina jin kukanta daga kicin. Na doki injin ta gefe, na cire filogi na mayar, na yayyafa masa ruwan coci. Gilashin na nan baƙi.

Rana ta uku da hantsi na hango ƙofar shago ta ɗaga. Da silifa ɗaya na sauka.

"Kai tsohon banza, kana can kana cika tumbi, mijina na mutuwa!"

"A'a, sannu da zuwa, Mu'allim. Yawwa, Ummu Tanios, na same ku lafiya?" Ya amsa wa kansa gaisuwa, amma hannunsa na kan jakar aiki.

Da muka hau sai matsala: injin a kulle, makulli a wuyan Nakhle. Na kai hannu zan zare, ya riƙe gam, ya kalle ni kamar ɓarauniya. Krikor ya ce, "Bar shi." Ya sauka. Na ce shi ke nan, ya gudu. Can sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, ya saka shuɗiyar rigar aiki mai guga, ya taje gashinsa guda tara, takarda a hannu.

Ya ɗaga murya: "Ina Ustaz Nakhle? Ofis suka turo ni, inji lamba sha huɗu ya samu matsala. Doka ta ce ba na taɓa ƙofa sai mai layi yana tsaye."

Ashe haka tsarin yake a can, mai gyara ba ya buɗe inji shi kaɗai. Ni da na yi shekara talatin ina wanke rigunan aikin ban sani ba. Sai ga Nakhle ya fito yana dafa bango.

"Lalacewa ya yi?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Layinka na nan. Riƙe mini tocilar nan."

Krikor ya kasa kunne, ya ce tunda yana kiɗa, ƙwaƙwalwar lafiya lau. Ya sa Nakhle ya haska gilashin a kaikaice, dab da dab. Muka haɗa kai mu uku. Can ciki, dishi-dishi, ga lemo da ƙararrawa da lamba bakwai suna juyawa.

"Hoto na nan. Fitilar bayansa ce ta mutu."

Nakhle ya buɗe da hannunsa. Zafi ya bugo mu kamar tanderu. Krikor ya leƙa sama, ya leƙa baya, sannan ya juyo a hankali.

"Ummu Tanios, wannan saƙar ta waye?"

Tawa ce mana. A gidan kirki ana barin abu tsirara? Talabijin na da tata, firji na da tasa, har wayar tarho. Injin ma na saƙa masa fara mai furanni, wata biyu ina yi, na shimfiɗa a samansa, na ɗora hoton Uwa Maryamu. Ramukan baya kuma na liƙe da ƙyalle mai sitaci, don ƙura.

"Ta nan yake numfashi, baiwar Allah! Kin shaƙe shi cikin ado, kamar amaryar ƙauye a zafin watan Agusta."

"To wa ya ce ka sayar mana da inji mai asma?"

Ya zaro wani ɗan allo kore, ya nuna mana wasu abubuwa uku kamar ƙananan batura, kansu ya kumbura. Yana jona ƙarfen narka dalma aka ɗauke wutar gwamnati. Ta janaretan unguwa kuwa ba ta ɗaukar abu biyu, na ruga na kashe firji. Ya canza ukun, ya share fanka da tsohon buroshin haƙori, duk abin da zai taɓa sai ya ce, "Da izininka, Ustaz." Nakhle na gyaɗa kai, tocila a hannunsa.

Aka rufe. Nakhle ya murɗa makulli, ya danna. Gilashi ya yi fari, ya yi shuɗi, lemo ya fito ɓaro-ɓaro.

Ni dai na shige kicin, albasa ta dame ni, ko da yake ban yanka ba.

Daga can nake jin Nakhle yana sa hannu a takarda yana faɗa: "Kwana uku inji a kashe! Ina kake? Sai na kai ƙararka."

"Ka yi haƙuri, Ustaz, ba zan ƙara ba. Ina da iyali."

Mutumin da ba shi da ko kyanwa.

Sai Nakhle ya ƙwala kira: "Warde! Mutum na bakin aiki tun safe, babu mai ba shi ko loma? Ki haɗo da na mai gyaran nan, duk da bai cancanta ba."

Faranti biyu na miyar adas ya shanye, ya haɗiye maganinsa da kansa. Na cika wa Krikor nasa har yana zuba. Godiyata ke nan. Shi kuwa ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi yawa, ya miƙo faranti a ƙara masa.