Ranar da Kurar Barau ta Ji Ganga

Wai ku ne kuke tambayata yadda 'yan wasa suka rayu lokacin korona.

Ku da kuka yi wata uku a kan katifa kuna latsa waya, ana kawo muku tuwo har ɗaki. Da da kunya a idonku da ba ku tambaya ba.

To tunda kun tambaya, kowa ya kama bakinsa. Ke Sahura, rubuta yadda na faɗa. Kada ki gyara min magana da bokonki.

Wata rana, kwana arba'in da kulle gari, wata mata mai suna Lanti tana zaune a tsakar gidanta tana tsince tsakuwa daga ɗan geron da ya rage musu.

Mijinta Barau mai wasa da kura ne. Irin waɗanda kuke gani ranar kasuwa, an yi da'ira, kuna ihu kuna ɓuya bayan manya.

Su uku ne a sana'ar. Barau ke riƙe sarƙa. Jatau, maƙwabcinsu na jikin katanga, shi ke kaɗa ganga. Lanti ba ta fita, amma ita ke ɗinke warkin fatar da mijin yake ɗaurawa, ita ke gyara akayau, ƙarafan nan masu kacau-kacau da ake sawa a ƙafa.

Ta huɗunsu kurar. Uwar Ɗaki suke ce mata, don a bakinta gidan yake ci.

Shekara tara abu ɗaya aka koya wa dabbar nan. Ganga ta tashi, wasa. Ganga ta tsaya, nama.

Ku riƙe wannan, ba zan maimaita ba.

Da annoba ta zo, aka hana kasuwa, aka hana biki, aka hana mutum goma su tsaya wuri ɗaya. To mai wasa da kura wa zai yi wa wasa? Bango?

Ƙashin da mahauta suke ba Barau kyauta, yanzu su ma gida suke kaiwa a dafa. Akuyoyin Lanti biyu duk suka tafi cikin kura. Yara aka tura su ƙauye wajen dangi. Gidan ya rage daga Lanti sai mijin sai uwarsa, tsohuwa makauniya, wadda ba ta iya tashi sai an kama ta.

Ranar da nake ba ku labari, kwanan kura shida ba ta ci komai ba.

Unguwa duk an tsorata. Wadda ta fi kowa baki ita ce Tabawa mai ganda, da gidanta yake bayan ɗakin kurar. Kullum sai ta ɗaga murya ta katanga.

"Ku kashe abin nan tun kafin ya ci wani."

Barau ya ce wadda ta ciyar da shi shekara tara, ba zai sa mata wuƙa don ta yi kwana shida da yunwa ba.

Da sassafe ya saɓa buhu ya bi ta gonaki a ƙafa. An ce masa wata saniya ta mutu a ruga.

A daren, kafin ya fita, an yi ruwa, na farkon damina.

Ruwan nan abu biyu ya yi, ba wanda ya lura.

Ya jiƙa ƙasar ɗakin kura, turken da aka ɗaure sarƙa ya yi laushi.

Ya kuma sa fatar gangar Jatau ta saki.

Da hantsi Jatau ya fito da gangarsa rana don ta ɗame. Ya ɗan taɓa ta ya ji ko ta yi. Ya sake taɓawa. Kwana arba'in mutum bai taɓa abin da ya tashi da shi ba. Hannu ya tafi da kansa, bai san sanda ya shiga kiɗan Uwar Ɗaki ba.

Lanti ta ji gangar, har ta yi murmushi. Ta yi kewarta ita ma.

Sai ta ji sarƙa.

Ba irin jan da ta saba ji ba. Wannan ja ɗaya ne, mai nauyi, sai wani abu ya ce fuk, kamar an tumɓuke rogo.

Ƙyauren langa-langa ya lanƙwashe daga ƙasa.

Kai ya fito. Sannan kafaɗa.

Babu takunkumi a bakinta. Ba a sa mata shi a ɗaki.

Ta tsaya a tsakar gida, haƙarƙarinta a waje ana ƙirgawa, turken yana biye da ita a ƙarshen sarƙa. Warinta ya cika gidan.

Ɗakin Lanti taku uku ne a bayanta. Da ta ga dama da ta faɗa ciki ta rufe.

Amma tsohuwa tana kan tabarma a gindin bango, can ɗaya ɓangaren, ta miƙe ƙafafu tana shan hantsi. Kura tana tsakaninsu.

Lanti ta buɗe baki za ta ce wa Jatau ya bari. Kafin ta yi magana, shi ma ya ji ƙarar sarƙa, hannunsa ya yi sanyi, kiɗan ya fara mutuwa.

Nan take kurar ta daina rausaya.

Ta sauke kai. Ta buɗe hanci. Ta juya a hankali wajen ƙafafun tsohuwa.

A nan Lanti ta gane.

Ba ta yi ihu ba. Ta matsa jikin katanga ta yi magana kamar mai tambayar gishiri.

"Jatau, kada ka tsaya."

"Yaya Lanti, ta fito ne?"

"Ta fito. In gangar nan ta yi shiru, nama za ta nema, kuma Inna ce a gabanta."

"Har yaushe zan kaɗa?"

"Har hannunka ya guntule. In ya guntule ka sa ɗayan."

Ganga ta dawo.

Kurar ta ɗaga kai, ta taka, ta taka, tana neman wanda zai yi wasa da ita. Shekara tara ba ta taɓa yin wasa ita kaɗai ba. Ta duba dama, ta duba hagu. Babu Barau.

Akayau suna rataye a ƙusa, inda Lanti ta bar su tun ranar da aka kulle gari. Ta miƙa hannu ta baya ta sauko da su. Sau uku igiyar tana kuɓuce mata kafin ta ɗaura. Ta ɗauki sandar mijin.

Matar nan ba ta taɓa tsayawa gaban kura ba. Ba ta sha abin da ake cewa masu sana'ar suna sha ba. Ko karin kumallo ba ta yi ba.

Ta buga ƙafa. Kacau.

Kurar ta juyo.

"Taka, Uwar Ɗaki. Taka mu gani."

Muryar ba ta mijin ba ce, kuma dabbar ta sani. Gashin wuyanta ya miƙe. Ta yi wannan kukan nata mai kama da dariya, wanda in kun taɓa jinsa kusa ba za ku sake kiransa dariya ba.

Lanti ta fara zagawa ta dama.

Sai ga muryar tsohuwa daga tabarma, ƙasa-ƙasa. Ashe tun ɗazu ta sani, wari ya gaya mata. Ita ma matar mai kura ce shekara talatin.

"Ta hagu, 'yar nan. Ta hagu ake zaga ta. Kuma kada ki dubi idonta, dubi ƙafarta ta gaba."

"To Inna. Kada ki motsa."

"Ina zan motsa in je?"

Lanti ta koma ta hagu. Gashin ya kwanta. Kurar ta biyo ta.

Suka zaga. Suka sake zagawa. Turken yana jan ƙasa yana zana da'ira a tsakar gida.

Kiɗan ya tada unguwa. Ba halin taruwa, kuma wa zai shiga gidan ma? Kowa ya hau katangarsa. Wani ya hau rufi. Ni kaina turmi na taka, da tsufana.

Kowa ya zuba ido.

Wani ya raɗa cewa a kira maharbi. Maharbin yana ƙetaren gari, kafin ya zo an yi abin da za a yi.

Rana ta ɗaga. Hantsin da tsohuwa take sha ya koma zafin rana. Gumi yana shiga idon Lanti, ba hannun gogewa. Sau ɗaya ta yi tuntuɓe, kurar ta matso har numfashinta ya taɓa mata ƙwauri.

Can bayan katanga kiɗan ya fara ɗingishi. Tafin Jatau ya fashe, jini yana bin fatar ganga.

Lanti ta san saura kaɗan. Ko ita ta faɗi, ko shi ya gaza. Wanda duk ya riga, ƙarshen ɗaya ne.

Sai aka ji motsi a kan rufin ɗakin kura.

Tabawa ce. Tabawa mai cewa a kashe. Ta hau tsani da ƙibarta, ta rarrafo kan kwano da daro a gabanta. Gandar da za ta dafa ta sayar ce, ɗanya, da ƙafar sa biyu. Jarinta ke nan kaf.

Akwai wata kafa a rufin da Barau yake jefa abinci ta ciki. Ta juye daron duka.

Tim. Tim.

"Ga shi nan," in ji Tabawa. "Sai ki ce wa wancan mai gangar ya yi mana shiru."

Lanti ta ja kurar zagaye ɗaya, ta kai ta daidai ƙofar ɗakin. Ta tsaya.

"Jatau. Yanzu."

Ganga ta tsaya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma na binne mutane da yawa.

Kurar ta dubi Lanti.

Ta dubi tabarma.

Ta ɗaga hanci sama.

Sai ta sunkuya ta shige ɗaki, turken yana binta.

Lanti ta tura ƙyaure, ta gangaro da turmi ta tokare, ta zauna a kai. Ana jin ƙashi yana fashewa a ciki. A nan ta wuni, akayau suna ƙafarta.

Da la'asar Barau ya dawo. Buhu wayam, an riga shi saniyar. Ya ga da'ira a ƙasa, ya ga ƙyaure, ya ga ƙafar matarsa.

"Wa ya ce ki sa min akayau?"

"Uwar ɗakinka ce ta ce. Shiga ka tambaye ta."

Ya durƙusa ya kwance mata su da hannunsa.

To ga amsar tambayarku. Daga ranar, duk Juma'a bayan la'asar Barau yana wasa a tsakar gidansa. Ba taro, kowa a kan katangarsa. Mai ƙashi ya jefo ƙashi, mai gero ya zuro kwano da igiya. Tabawa ba ta daina zagin kurar ba, ba ta kuma daina ajiye mata ƙafar sa ba. Da haka suka kai ranar da aka buɗe gari, su huɗu har da kurar, ba wanda ya mutu.

Amma Jatau ba ya ko ɗaga ganga sai ya leƙa ya ga nama a ɗaki da idonsa.

Lanti kuwa ba ta sake sa akayau ba. Har yau in ta je biki aka fara kiɗa, sai ta waiga bayanta.

Darasi:

Kada ka tada wa mai yunwa rai in ba ka da abin ba shi, ko mutum ne ko dabba. In kuwa ka riga ka fara, kada ka saki a tsakiya don hannunka ya yi ciwo. Akwai wanda yake zaune a tabarma, ba ya iya gudu.

Kuma mai faɗa maka magana mai zafi ta katanga, kada ka yi saurin cire shi daga mutanenka.

Ku tura wa na kusa da ku, musamman wanda yake ganin masu wasa ba sana'a suke yi ba.

Sahura, kashe wayar nan. Ku kuma me kuke jira, wani labarin? Kowa ya je ya yi fitsari ya kwanta. Kuma a tokare min ƙofar nan da kyau.