Ranar da Sunayen Ɗebewa Suka Ɓace Mini

Ko zan manta komai na zamanin karatuna a Kazaure, ba dai wata safiyar Laraba ba, a wata firamare kusa da Roni inda aka tura ni gwajin koyarwa. Ranar ce malamin da zai ba ni maki ya zo, wani dattijo mai gilashi wanda ko murmushinsa ba mu taɓa gani ba. In ya kayar da ni, sai na maimaita shekara.

Darasina ɗebewa ne, a aji uku. Kwana uku na yi ina haddar sunayen ɓangarorinta da Turanci: lambar da ake ɗiba daga cikinta, wadda ake cirewa, da abin da ya rage. Ko a kan acaɓa maimaitawa nake, har mai babur ya ɗauka addu'a ce, ya riƙa cewa amin.

Na rubuta tara a ɗebe huɗu a allo, na juyo da ƙarfin gwiwa, na ce, "Yara, wannan taran sunanta..." Kaina fayau, ko harafi ɗaya bai rage ba. Dattijo ya ɗaga biro.

Ta taga na hango shanu suna wucewa. Na ce, "Sunanta garke! Huɗun nan su ne suka fita kiwo. Nawa suka rage a gida?"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Biyar!"

Wata yarinya 'yar makiyaya ta ɗaga hannu. "Malama, in ba a ɗaure biyar ɗin ba, su ma bin su za su yi." Na ce to mun ɗaure su. Duk lissafin da na ba su daga nan, ba wanda suka faɗi.

A waje dattijon ya kira ni. "'Yata, ina sunayen da kika rubuta a tsarin darasinki?"

Na sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, su ma sun fita kiwo."

Ya yi dariya har da share ido. "Kin ci. Amma gobe ki koro su gida, yaran nan suna da jarrabawa."

Washegari na koya musu sunayen, kuma suka riƙe, don sun riga sun san me ake nufi. Tun daga ranar na gane cewa yaro sai ya fahimci abu kafin sunansa ya zauna masa. Malamarsa ma, ashe, haka take.