Izinin Fitar da Ƙashin Tsuntsu

Har yau in na tuna ƙashin nan sai raina ya ɓaci. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. A wani ramin haƙar farar ƙasa na tono shi, ya daɗe a ƙasa har ya koma dutse. Ina da yaƙinin na fiffiken tsuntsu ne, irin tsuntsayen da suka ƙare tun kafin a yi mutum. Abin da ban sani ba shi ne danginsa: na tsuntsaye masu kamun kifi ne a teku, ko wani ne da ba a taɓa rubutawa ba?

Lokacin ina koyarwa a Gwagwalada, mulkin farar hula ya kankama, gine-gine sai tashi suke a Abuja. Wasu masana a waje suka yarda su duba min cikinsa da na'urarsu, in har ya isa gare su cikin wata uku. Takardar izinin fitarwa kawai ta rage.

Ofishin farko, masu kula da duwatsu, suka ga kalmar tsuntsu a fayil suka ce ba nasu ba ne. Na biyu, masu kula da dabbobi, wata mata ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, ina shaidar rigakafinsa?" Rigakafi! Na ce, "Hajiya, wannan fa ya riga kakanninmu mutuwa." Ta ce to in kawo shaidar abin da ya kashe shi.

Sati goma ina zarya cikin go-sulon motoci, fayil yana ƙiba ni ina ramewa. Daga ƙarshe na samu ganin Oga, mai sa hannu a takardar izinin. Ya juya ƙashin a tafin hannunsa, ya nuna min fom.

"Nan wurin an ce a rubuta irin tsuntsun. Wane iri ne?"

"Ranka ya daɗe, abin da za a je a gano ke nan."

"Ashe kai ma ba ka sani ba. In ka sani ka dawo."

Wallahi saura kaɗan in yi kuka a gabansa. Wa'adi ya wuce, masanan suka ba wani gurbina.

Bayan shekara fayil ya dawo min da hatimi, an amince. A wurin da na bari babu komai, wani ya cike da jan biro: dutse, guda ɗaya. Ƙashin yana nan kan teburina, da shi nake danne takardu in an kunna fanka.