Katin Mai Ɗakinsa

Dattijon da ke gabana a layin kanti yana riƙe da butar shayi ta lantarki da wani koɗaɗɗen katin tara maki. Rigarsa a goge take tsaf, sai dai maɓalli ɗaya da baƙin zare aka ɗinke shi, ɗinkin wanda bai saba ba.

Mai karɓar kuɗi tana juya katin. "Baba, ai an haɗe mu da wani kamfani. Makin na nan, amma sai na tura lambar sirri zuwa wayar mai katin."

"Tura, 'yata."

Ta tura. Wayar tana tafin hannunsa, shiru.

"Baba, da layin wa aka yi rajista?"

"Na mai ɗakina ne. Ita ke tarawa, butar nan take so." Yana shafa murfin. "Wata takwas da rasuwarta. Layin ma an ba wani."

Ina jin ba shayi ya kawo shi ba. Ya mayar da butar mazauninta, ya gyara mata zama, ya fita da katin a aljihun ƙirji. Ni da na tsaya ƙare masa kallo, ko "Allah ya ji ƙanta" ban ce ba.