Sahabi mai silima ya tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina wanke-wanke anka shigo anka ce mini Sahabi mai silima ya rasu can Kurya Madaro. 

Ni ce Inna Kulu mai ƙosai. Ban yi boko ba, ɗiyata Rabi ka rubuta mini ga wayarta. Na ce kada ta gyara komi.

Shekara da shekaru ina tuya bakin gidan silima nan Ƙaura, shi kau shi ka sa fim. Mace ba ta shiga, sai washegari shi zo shi zamna bisa benci shi ba ni labarin. Tsofaffin finafinan Indiyan nan: wa ya yi kuɗi, ƙane na yawo ba takalmi, uwa na ta kuka. In ce, "Sahabi, sun shirya?" Shi ce, "Inna, ƙaro ƙosai biyu in shirya su."

Da anka yi sabuwar jiha, shari'a taz zo, anka kulle gidan. Ni ban ce komi ba bisa shari'a, Rabi rubuta hakanan. Amma mutane sunka ƙyamace shi. Wanshi Alhaji, uwa ɗaya uba ɗaya, ran sunan ɗanshi ya hana Sahabi shiga zaure. Waje yac ci tuwo da direbobi.

Duk da haka, kowa yat taɓa Alhaji da baki sai Sahabi shi ce, "Bari, nono ɗaya munka sha."

Ni ma na ji tsoro. Wata rana Sahabi ya gaishe ni cikin kasuwa, nij juya kamar ban ji ba. Washegari ya kawo mini itace da kainai.

Ganinmu na ƙarshe bara, bakin tasha, yana saida batir, ya rame. Yac ce, "Inna, Yaya ya tambaye ni kuwa?" Nic ce ya tambaya. Ƙarya niy yi. Yay yi dariya yac ce, "Allah shi biya ki."

Hanyar Kurya ta fi ƙarfina, ina tsoron mutanen daji.

Alhaji, na san ɗiyanka za su ga wanga. Ni ba kowa ba ce, kada ka yi hushi da ni. Jibi sadakar uku, kuma ba ya da wanda za a yi ma gaisuwa in ba kai ba. Don Allah ka tafi ka zamna.

Allah shi gafarta ma Sahabi, shi haskaka kabarinai. Wanda duk yak karanta, shi yi mai Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku, shi roƙa ma Alhaji ikon tafiya.