Yatsa Ɗaya a Kan Kara

Yau in ka bi ta wurin a Kakuri, kwalbatin siminti za ka gani, motoci na wucewa a kai, ba wanda ya san akwai ruwa a ƙasa. Ina yarinya, shekarun da aka fara gina masaƙa, rafi ne, gadarsa kuma gungumen giginya guda. A tsallakensa Kakata take da lambun yakuwa da kuɓewa.

Yanar ido ta fara rufe mata gani, amma kullum da hantsi sai ta haye, ƙafa ba takalmi, yatsunta na lalubar itacen. Da Baba ya sami aiki a masaƙa, ya sayo mata takalmin roba, kada a ce uwarsa na yawo ƙafa a ƙasa. Ta sa don ta faranta masa. Rana ta uku ta zame a tsakiyar gungumen, ta faɗa ruwa har ƙugu.

"Inna, kin gama da lambun nan," in ji Baba. "Zan ba maƙwabta."

"Ba ni kwana bakwai. In na sake jiƙa zanena, ka bayar."

Washegari Goggo, ƙanwar Baba, budurwar da ke haye gungumen a guje da tulu a ka, ta cafke mata dantse don ta taimaka. Sai tangaɗin Kaka ya ƙaru.

"Sake ni, kina ja na kamar akuyar sayarwa! Rufe idonki ki hau mu gani."

Goggo ta rufe ido, ta yi taku uku, ta karkata, ta gyara tsayuwa tana dariya.

"Kin gani? Ke ko ba ido, jikinki na tare ki. Ni ido ya tafi, takalmi ya toshe mini ƙafa. Da me zan ji inda nake?"

Ta tuɓe takalmin. Ta sa ni da Goggo muka kafa sanda mai gwafa a kowace gaɓa, muka harhaɗa karan dawa muka gitta, daidai ƙugunta. Maƙwabciyarmu Ibo, matar makanike, ta ajiye wankinta tana kallo.

"Mama, wannan kara ko kaza ba zai riƙe ba o!"

"Ba riƙe ni zai yi ba. Labari zai ba ni."

Kwana shida tana gwadawa, muna cikin ruwa muna jira. Ran na bakwai Baba ya zo ya tsaya, hannu a baya. Kaka ta ɗora yatsa ɗaya a kan karan, ko lanƙwasa bai yi ba. Ta taka a hankali har ta kai, ta dawo da kuɓewa cike da ƙwarya, zane a bushe. Baba ya sunkuya. Ya ɗauki takalmin ya miƙa wa Goggo.

Na zauna Ankara, na zauna Hartum, na ga Landan. Ko'ina na lura da tsofaffin mata a kan matakala: ba sa damƙar ƙarfen gefe, shafa shi suke yi, 'yan mata kuwa ko kallonsa ba sa yi. Yanzu nawa idon ya fara dushewa, jikata kan kamo mini dantse, in ce ta sake.

Rafin ya shige ƙarƙashin siminti, lambun ya zama gareji. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara jan tsohuwa ba. Kafaɗa nake ba ta, ta ɗora yatsa.