Matar Da Ta Tsaya A Ƙofar Sito

Tun kafin a ɗaga ƙofar sito take isowa. Ta rataye jakarta a ƙusa, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta tsaya inda motoci ke sauke kaya. Kamfanin na sarar magunguna ne, yana rarraba wa asibitoci da kemis. Aikinta shi ne kada kwali ya shiga ko ya fita sai ta tabbatar abin da aka rubuta a bayansa shi ne a cikinsa. Takan shafa bakin kwali ta ji ko an taɓa ɓare shi, ta ɗaga kwalba ta dubi ruwan a haske. A gabanta ma'aikata Anti suke ce mata. A bayan idonta kuwa Hana-ruwa-gudu ce, kuma ta sani.

Direbobi har tsokanar juna suke yi, wai ko kai aka sa a kwali sai Anti ta juya ka ta nemi ranar lalacewarka. Wani tsoho daga cikinsu ya shaida cewa a gabansa wani dillali ya ajiye mata sabuwar waya a kan tebur ya fice. Ta bi shi har bakin mota. "Alhaji, ka manta wayarka." Tun daga ranar dillalin ya daina amsa gaisuwarta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ta gida ta ɓullo mata.

Mijin ƙanwarta ya daɗe yana zaman kashe wando, ita ta tsaya masa aka ɗauke shi mai raka kaya. Wata safiya ya kawo maganin zazzaɓin yara. Ta shafa kwali ta ji liƙi a kan liƙi. Ta buɗe kwalba ta ɗanɗana, sai ta ji ruwan sukari ne da kala. Ashe a hanya yake sauke na gaskiya ya sayar, ya loda jabu.

Ya ja ta bayan sito. "Yaya, don girman Allah ki rufa min asiri. Ki duba yaran ƙanwarki."

"Su nake dubawa," ta ce. "In zazzaɓi ya kama autarka, wannan za ka ba ta?"

Ya sunkuyar da kai. Ta tsaya tana tuna yadda ta goya ƙanwar nan a bayanta. Sannan ta ɗauki kwalbar ta hau bene wurin manaja.

Aka bi kemis-kemis aka karɓo wanda ya riga ya fita. Aka kori mijin ƙanwarta, aka miƙa shi ga hukuma. Da yamma ƙanwarta ta zo, ko takalmi ba ta cire ba, daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, kin kyauta. Allah ya bar ki da kamfani." Mahaifiyarsu ma cewa ta yi, "Da kin kawo min maganar gida, da mun kashe ta a tsakaninmu." Har tsohuwar ta rasu ba ta sake sakar mata fuska kamar da ba. Auren babbar 'yar ƙanwarta kuwa a bakin maƙwabta ta ji shi.

Shi manaja godiya ya yi mata a cikin ofis, ƙofa a rufe, ya roƙe ta kada maganar ta fita saboda sunan kamfani. Ƙarin girma bai biyo baya ba. A wurin cin abinci, in ta zauna sai hira ta mutu.

Anti, ke ce kika zaɓi 'ya'yan da ba ki taɓa gani ba, aka raba ki da waɗanda kika raina. Mun san ya yi miki ciwo. Masu shara sun sha tarar da ke a bayan kwalaye kina share hawaye, in sun tambaya ki ce ƙura ce. Mai amana, ba ki taɓa cewa kin yi nadama ba, ba ki kuma taɓa zagin kowa ba.

Yanzu idanunta sun gaji, ƙananan rubutu sun fara guje mata, ta ajiye aiki. Ranar sallama an jera kujeru, rabinsu ba kowa. Ta sha lemo, ta roƙi gafarar duk wanda ta ɓata wa, ta tafi bakin titi neman abin hawa ita kaɗai.

Mun gode, Anti. Allah ya saka miki, ya sanyaya zuciyar 'yan'uwanki a kanki. Ku kuma da aka ba ku amanar kayan mutane, ku yi irin tata, in kun samu irinta a cikinku kada ku bar ta ita ɗaya. Akwai uwaye da yawa da suka ɗura wa yaro cokali ɗaya, jikinsa ya yi sanyi, ya tashi yana neman abinci. Ba su san ta ba, ba kuwa za su taɓa saninta ba. A madadinsu muke wannan godiya.